Manhajar asibiti ta yi alama a hoton Umma, ChatGPT kuma ya ce ba komai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. An ɗauki hoton nonon Ummanmu, sai likita ta ce manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke taya su duba hotuna ta yi alama a wani ɗan wuri ta hagu. Likitar ma ta duba, ta ce a ɗebi ɗan nama da allura a gwada. Yaya kuma ya kwafe rahoton ya zuba wa ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya ta ba da amsa, shi kuma ya ce masa yawancin irin wannan ba ciwon daji (kansa) ba ne. Yanzu ya kafe a bar Umma ta huta, wai allura na iya tsokano abin da ke kwance. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Umma lafiya. "Yawanci" ai ba "duka" ba ne, ƙanwata. Ku je.

Abu Sadik: Yayanku ya haɗa abu biyu daban. Manhajar asibiti an horar da ita da ɗimbin hotunan nono, ainihin hoton take gani. ChatGPT kuwa rubutun rahoto kawai ya karanta. A Suwidin an yi gwaji da mata kusan 80,000, sakamakon farko ya fito a 2023: inda manhaja ta taya likitoci, an gano ciwon kansa fiye da inda likitoci kaɗai suka duba da kashi 20 cikin ɗari. Duk da haka likitoci ne ke yanke hukunci, kuma ita ma manhajar takan yi alama a wurin da ba komai. Hoto zargi ne, naman da aka duba a madubin likita shi ke tabbatarwa.

Anti Nas: Ma'aikaciyar jinya ce ni. Tsoron allurar nan na sha jin sa. Yaɗuwar ciwo ta hanyarta abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, jinkiri ya fi ta haɗari. Ana kashe zafin wurin tukuna, a gama cikin mintuna, a koma gida ranar. Kar ki yi musu da Yaya, ki roƙe shi ya raka ku ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na nuna masa amsoshinku, ya yi shiru, sannan ya ce shi zai kai ta ranar Talata. Anti, kwana nawa sakamako ke ɗauka?

Anti Nas: Kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, ya danganta da ɗakin gwajin. Ki tambaye su kafin ku baro.