Nutso kusa da kifin shak: shawarwarin fadarmu

Daren jiya a fadarmu ta Birni, ana zagaya shayi, ƙanen abokinmu ya ce zai gwada nutso da tulun iska a Bahar Maliya. Gabana ya faɗi, don yaron Damagaram tafki kawai ya sani.

Abin da aka fi nanata masa: kada ya ba shak, babban kifin teku mai kaifin haƙora, abinci. Kifin da ya saba karɓa a hannu, zai riƙa tunkarar duk mai nutso. Jihar Florida ta Amurka ma ta haramta hakan a ruwanta.

Sai ya cire zobe da agogo mai ƙyalli, ya naɗe hannuwa a ƙirji, ya guji shiga da asuba ko magariba.

Yayansa ya ƙara: "Ƙanena, wajen hawowa bi a hankali, kada ka riƙe numfashi, iskar na iya fasa huhu."