Neman kalma: me za mu kira "policy" a fagen ilimi?

1/
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Ina so mu tsayar da magana kan kalmar nan ta Turanci, policy, idan an haɗa ta da ilimi, bayan shawarwarin da kuka kawo na fassara ta da doka, tsari, shiri, siyasa, ƙuduri, alƙibla ko manufa. Ina karatun digiri na biyu a wannan fanni nan Samaru, na kuma kai matakin fita da takardar tambayoyi zuwa ga iyayen yara da 'yan kwamitin kula da makarantu a Giwa da Soba. Kusan dukkansu da Hausa za su amsa. Ba zai yiwu in durƙusa gaban dattijo in ce masa "folisi" ba, sannan in dawo in rubuta a kundina cewa na ji ra'ayinsa.

2/
Mu fara da abin kansa. Matsaya ce da hukuma ta ɗauka ta kuma rubuta: shekara nawa yaro zai shiga aji ɗaya, da wane harshe za a koyar da shi, wa zai biya, wace takardar shaida malami zai riƙe kafin a ba shi alli. Babban kundin da ya tara waɗannan a Najeriya ya fito a 1977, bayan taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, an kuma yi ta gyara shi a 1981 da 1998 da 2004 da 2013. Duk kalmar da za mu zaɓa, sai ta iya ɗaukar sunan wannan kundi, kuma a iya cewa an kafa ta, an sauya ta, an soke ta, an kasa aiwatar da ita.

3/
Masu cewa "doka" sun fi yawa, kuma su na fi jin tsoron bi. Muna da dokar ilimi ta gaske: Dokar UBE ta 2004, wato ta ilimin bai-ɗaya na matakin farko, wadda ta bi ta Majalisar Tarayya, shugaban ƙasa ya sa mata hannu, ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin haka. Ba a taɓa ta sai an koma majalisa. To ku dubi maganar harshen koyarwa. A Nuwamban 2022 majalisar zartarwa ta amince a koyar da yara da harshen uwa tsawon shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da cewa an soke, an koma Turanci. Ba a kai wa 'yan majalisar dokoki ko ɗaya ba. Idan muka kira abubuwan nan biyu da suna ɗaya, mun ɓoye wa uba mai yara a aji uku abin da ya fi kamata ya sani: wanne ne yake da hurumin nema a matsayin haƙƙi, wanne ne kuma sabon minista zai iya juyawa cikin shekara guda.

4/
"Tsari" kuwa yana da aikinsa tuni. Muna cewa tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a), wanda shi kansa daga cikin wancan kundi ya fito. Muna kuma cewa gudanarwa da tsare-tsaren ilimi, fannin da ke ƙirga ajujuwa da malamai da kujeru. "Shiri" ma haka, ya tafi ga irin su UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa na 1976.

5/
Malam da ya kawo "siyasar ilimi", Allah ya ƙara sani. Gaskiyarka, a Larabci da wannan kalma ake faɗin abin, kuma duk wanda ya yi karatu a ƙasashen Larabawa haka zai ji ta daidai a kunnensa. Amma Malam, tun da ta shigo bakin Bahaushe ta zama ta jam'iyya da kamfe da rabon muƙami. Ka tuna 2017, lokacin da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce 21,780 sun faɗi. Masu goyon baya da masu suka, kowa cewa yake ɗaya ɓangaren ya sa siyasa a harkar ilimi, kuma zargi yake nufi. Kalmar da ta riga ta zama zargi a nan, in na sa ta a takardar tambayoyi, shugaban makaranta zai ninke ta ya miƙo mini, ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne.

"Ƙuduri" ya tafi majalisa, shi ne abin da ake gabatarwa kafin ya zama doka. "Alƙibla" tana da daɗi a jawabi, amma ba a cewa an soke alƙibla ko an buga ta kwafi dubu.

6/
Saura "manufa". Ita gidajen rediyo ke amfani da ita: manufofin gwamnati, manufofin harkokin waje, manufar Babban Banki kan sauya kuɗi. Kunne ya saba, kuma ta ci jarrabawar da na gindaya a sama, domin ana kafa manufa, ana sauya ta, ana soke ta.

Sai dai a fagenmu akwai tarko, kuma Malama da ta rubuto daga Tudun Wada ta riga ni ganinsa. Hajiya, na gode. Duk malamin da ya taɓa rubuta shirin darasi da Hausa ya san layin nan da ake ja da jan biro bayan aji da lokaci da batu: "Manufa: a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya..." Wato a bakin malami, manufa ita ce abin da ake son cimma. Na gwada tambayar a kan wani kawuna da ke kwamitin makarantarsu. Na ce, "Kawu, me kake gani game da manufar ilimi?" Ya gyara zama ya ce manufar ilimi ai yaro ya san Ubangijinsa, ya san girman manya, ya sami abin dogaro da kai. Amsa ce mai kyau ƙwarai, amma ta wata tambayar ce daban. Da na tara irinta ɗari biyu na zuba a jadawali, da bincikena ya tashi a banza ba tare da na sani ba.

7/
Ga inda na tsaya, kuma ina roƙon mu yi ta amfani da shi har ya zauna. Kalmar ita ce manufa, amma a rabu da ɗafa mata "-r ilimi", a sa "kan", a kuma ambaci mai ita.

Manufar ilimi: dalilin da ya sa ake karatu.
Manufar gwamnati kan ilimi: matsayar da hukuma ta rubuta.

Da na sake wa Kawu tambayar, "Me kake gani game da manufar gwamnati kan harshen koyarwa?", nan take ya shiga maganar jikarsa da ke haddace jimlolin Turanci ba ta san ma'anarsu ba. Kundin 1977 ya zama Manufar Ƙasa kan Ilimi. Jiha ma tana da tata, makaranta mai zaman kanta ma za a ce manufar makaranta kan kuɗin jarrabawa, ba abin da ya karye.

8/
Wani ɗan'uwa ya ce ya yi tsawo, a ƙirƙiro kalma ɗaya tak. Na fahimce ka, Yaya. Amma a nan Zariya aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma kalmomin mulki da na boko da suka bi jikin mutane su ne waɗanda mai karatu ya gane a karon farko ba tare da an tsaya yi masa sharhi ba. Sabuwar kalma fil za ta buƙaci sakin layi guda na bayani a saman kowace takarda, ni kuwa minti goma manomi zai ba ni kafin ya wuce gona.

9/
Sauran sai su biyo baya cikin sauƙi. Masu zama su rubuta ta: masu tsara manufa. Bin diddigin abin da ta haifar: nazarin manufa. Kai ta aji: aiwatarwa, inda yawancin manufofinmu ke maƙalewa, kamar yadda kuɗin tallafin UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ke zaune idan jiha ba ta kawo nata kason ba. Sunan karatun namu kuwa: digiri na biyu a nazarin manufofin hukuma kan ilimi. Mai digiri na uku ya sauya lambar kawai.

Tambaya ta farko a takardata yanzu ga yadda take: "Shin an taɓa yi muku bayanin manufar gwamnati kan harshen da za a koyar da 'ya'yanku da shi? Idan an yi, wa ya yi, kuma a ina?" Malaman Hausa da ke nan, ku duba mini ita kafin Litinin in kai wurin bugawa.