Wace kalma za mu ba "Mitte" a tauhidin Tsohon Alkawari?

Mai koyarwa: Malamai, ina shirya darasi sai na cije a kan "Mitte", kalmar Jamusanci da masana ke kiran abu ɗaya da ya haɗa littattafai 39 na Tsohon Alkawari. Na sa "tsakiya", ɗalibai suka buɗe Zabura, don nan ne tsakiyar Littafi Mai Tsarki.

Mai fassara: Malam, bar "tsakiya", wuri take nunawa. "Cibiya" kuma ta koma sunan ma'aikata. Me zai hana "jigo"? Masu nazarin adabi sun saba da ita.

Malamar Ibrananci: Ranka ya daɗe, jigo ya yi kaɗan. Kowane littafi da nasa: na Fitowa ceto, na Ayuba wahalar adali. Abin da masanin Tsohon Alkawari Walther Eichrodt ya nema tun 1933 ya wuce nan. Ya ɗauki "berit", kalmar Ibrananci, wato alkawarin Allah da Isra'ila, ya ɗora komai a kansa. Ni "ginshiƙi" nake gani. Ku duba soro: ginshiƙi na tsaye a tsakar ɗaki, azara duk a kansa take, ka zare shi rufi ya rufto. Ga kuma yadda ake gwada shi: a nemo littafin da bai hau kansa ba. Kalmar "berit" ba ta fito ko sau ɗaya a Mai Hadishi, Waƙar Waƙoƙi da Esta ba. Wanda ya ce sunan Yahweh ne ginshiƙin, Esta ta tare shi, don ba a ambaci sunan Allah a cikinta ba.

Mai fassara: Malama, na gwada kalmar "ginshiƙi" da ra'ayin wani masanin, Gerhard von Rad, wanda a littafinsa na 1957 da 1960 ya ƙi yarda akwai "Mitte". "Tsohon Alkawari ba shi da ginshiƙi guda." Ta zauna daram. Da jigo aka ce, sai a zaci yana nufin ba shi da saƙo, alhali ba haka yake nufi ba.

Amma a kula da wani tarko: "alkawari" a bakinmu ta haɗa "berit" na Eichrodt da abin da masani Walter Kaiser ya zaɓa a matsayin "Mitte" a 1978, wato abin da Allah ya ce zai yi wa Ibrahim da zuriyarsa. Sai a rarrabe su.

Mai koyarwa: To, ginshiƙi ga "Mitte", jigo ga kowane littafi. Na Eichrodt zan rubuta "ƙulla alkawari", na Kaiser "alkawarin albarka". Na gode, malamai.