Shan Taba Jefi-jefi: Abin da Aka Tattauna

Mahalarta wata tattaunawa kan shan taba jefi-jefi sun fi nanata cewa rage shan taba ba ya kuɓutar da mutum, domin wani bincike na 2018 ya nuna cewa kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan kara 20. An kuma kawo binciken Amurka na 2006, inda baƙaƙen fata da 'yan asalin Hawai masu shan kara goma ko ƙasa da haka a rana suka fi fararen fata kamuwa da sankarar huhu. Shawarar mahalartan ita ce a daina ɗungurungum, kuma a sanar da likita ko da a wajen biki kaɗai ake kunnawa.