Tambaya kan gasa tsokar da ke rataye kusa da ƙodar sa

Maman Hafsat, Samaru

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nama, musamman mahauta da masu sana'ar gashi. Akwai wata tsoka tilo a jikin sa, wadda take rataye daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kusa da ƙoda. A Faransa da Amurka ana gasa ta ita kaɗai a wuta mai ƙarfi, a yayyanka ta sirara, sannan a zuba mata haɗin ɗanyen ganye da mai da ɗan tsami. Ina so in yi wa baƙi irinta a gida. Yaya zan kwatanta wa mahauci ita har ya gane abin da nake nufi? Da me zan jiƙa ta, kuma na tsawon wane lokaci, ganin cewa shanunmu na kiwon daji ne kuma namansu ya fi tauri? Haka nan faski ba kullum ake samunsa a kasuwa ba, ko akwai ganyen da zai tsaya a madadinsa?

Ɗan Gidan Fawa, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsokar nan muna ganin ta kullum, sai dai ba kasafai ake ware ta ba, domin idan aka farke cikin sa takan bi kayan ciki, ko kuma a daddatsa ta a haɗa da sauran nama a kasa. Saboda haka kada ki jira nama ya hau tebur. Ki yi magana da mahaucinki tun da yamma, ki ce masa idan sun yi yanka gobe ya cire miki tsokar da ke lilo a cikin gadon baya, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙoda, kuma ya bar miki ita ɗungurungum ba tare da ya sa mata wuƙa ba.

Za ki gane ta da launinta, domin ta fi sauran nama duhun ja, kuma zarenta manya ne, ana ganinsu da ido. A shanun da aka turke aka yi wa kiwon ƙiba takan kai rabin kilo ko ta ɗan wuce, amma a bunaji ko rahajin da ya sha tafiya sau da yawa ba ta kai haka ba, don haka idan baƙinki suna da yawa sai ki nemi ta shanu biyu. Kada a ba ki falalen naman tantanin kansa a ce shi ne, shi wannan siriri ne mai faɗi, gashinsa daban.

Abin da ba a sassauci a kai shi ne farar jijiyar da ta ratsa tsakiyarta daga sama har ƙasa. Wuta ba ta narkar da ita. A bi gefenta da wuƙa mai kaifi a cire, sai ki samu dogayen tsoka biyu, sannan a fere farin tantanin da ke bayansu. Idan kina da firji kuma wutar lantarki tana tsayawa a unguwarku, ki bar naman ya kwana ɗaya ko biyu a sanyi, domin naman da aka yanka yau yakan ɗaure bayan 'yan sa'o'i, sai daga baya yake saki. Idan babu tabbacin sanyi, gara ki gasa a ranar.

Malamar Girki, Kongo

Maman Hafsat, sannu da ƙoƙari. A ganina mutane suna ɗora wa jiƙo nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Tsami da mai da kayan ƙamshi ba sa wuce fatar naman sai kaɗan, gishiri ne kawai yake ratsawa ciki sosai. Amfanin wannan tsoka shi ne zarenta a buɗe suke, don haka haɗin yana samun wurin maƙalewa fiye da yadda yake samu a naman cinya.

Ga rabin kilo, nakan haɗa man gyaɗa cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1, tafarnuwa sala 4 da aka daka, ɗanyar citta kaɗan, masoro, da gishiri ƙaramin cokali 1. A shafe naman, a rufe, a sa a firji sa'a 2 zuwa 4. Kada a bar shi ya kwana cikin lemun tsami, domin bayansa zai yi fari ya saki, cikin kuwa yana nan yadda yake. Ɗanyar gwanda da abarba suna da sinadarin da ke warware tsoka, kuma sun fi lemun tsami ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka idan za a sa su kada a wuce minti 30. Kafin a ɗora a wuta a tsane naman da tsumma mai tsabta, saboda jiƙaƙƙen nama turara yake yi, ba ya yin ɓawon nan mai ƙamshi. Ragowar ruwan jiƙon kuwa a zubar, tunda ɗanyen nama ya zauna a ciki.

Haɗin ganyen da kike nufi ya fi shahara a Ajantina da Yurugwai, inda suke yin sa da faski da tafarnuwa da busasshen ganyen origano da barkono da mai da binega. Mutanen Maroko ma suna da nasu, wanda suke sa wa ganyen koriyanda da lemun tsami. Mu a nan lawashi ne ya fi dacewa ya zama tushe, a ƙara na'a-na'a da ɗoɗɗoya kaɗan, amma a yi hattara da ɗoɗɗoya domin ƙamshinta yakan danne komai. A yanka su da wuƙa ƙanana-ƙanana, kada a markaɗa a inji, a sa attarugu rabi, tafarnuwa sala 1, gishiri, lemun tsami cokali 2 da mai cokali 5. A bar shi ya zauna kamar rabin sa'a kafin a kai gaban baƙi.

Mai Balangu, Tudun Wada

Malama, ki yi mini afuwa, ni ban ga buƙatar lemun tsami a jiƙon ba, tunda akwai shi a haɗin ganyen. Gishiri da albasa da mai sun wadatar, kuma idan naman tsohon sa ne, naɗe shi cikin ganyen gwanda da aka ɗan murje ya fi sa ɗanyar gwandar kanta sauƙi a kan naman.

Inda aikin yake shi ne wuta. A bari gawayi ya ci har ya zama garwashi mai farin toka a sama, a tara shi gefe ɗaya, a bar ɗaya gefen ba komai. A ɗora naman a kan zafin, minti 3 zuwa 4 kowane gefe gwargwadon kaurinsa, sannan a janye shi gefen da babu garwashi ya ƙarasa a hankali. Yajin ƙuli-ƙuli a ajiye shi sai an sauke, domin a irin wannan wuta ƙonewa yake yi ya yi ɗaci. Bayan an sauke a bar naman ya huta minti 5 zuwa 10, sannan a duba inda zarensa suka nufa a yanka a gicciye, sirara. Wanda ya yanka bin zare, ko da ya yi komai daidai, baƙinsa za su sha tauna.

Damuwata ɗaya ce, Hajiya. Turawa suna sauke ta da ja a ciki, mutanenmu kuwa da sun ga ja sai su ce bai gasu ba, alhali wannan tsoka idan ta wuce kima bushewa take yi, ɗanɗanonta kuma ya karkata ga na hanta.

Likitan Dabbobi, Shika

Maganar Mai Balangu ta ƙarshe tana da muhimmanci, kuma ina roƙon Hajiya ta kula da ita sosai. Jan ruwan da ke fitowa daga gasasshen nama ba jini ba ne, ruwan tsoka ne haɗe da sinadarin da ke ba nama launinsa, jinin kuwa mafi yawansa ya fita tun wurin yanka. Amma wannan ba ya nufin mu kwaikwayi gidajen abincin Faransa, waɗanda suke sauke ta a digiri 54 zuwa 57 na ma'aunin Salshiyas. Tsila, wato doguwar tsutsar cikin nan da mutum yake ɗauka daga naman shanu, 'ya'yanta suna zama ne a cikin tsoka, kuma daga wuraren da masu duba nama suka fi bincikawa akwai zuciya da harshe da naman muƙamuƙi da kuma wannan tantani na ƙirji, wanda tsokar da muke magana a kai wani sashe ne nasa. Shanun da ke kiwo a fili inda mutane ke bahaya sun fi fuskantar wannan haɗari.

Saboda haka a saya daga inda ake duba nama bayan yanka, kuma lokacin cire jijiyar a lura ko akwai wasu fararen ƙulli masu kama da ƙwayar shinkafa a tsakanin zaren; idan an gani, a bar naman gaba ɗaya. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawarar cewa tsokar da ba a niƙa ba ta kai digiri 63 a tsakiyarta, sannan ta huta minti 3. A wannan zafi cikin naman yakan rage ɗan ruwan hoda kaɗan, bai bushe ba, kuma baƙi ba za su ƙyamace shi ba. Ƙaramin ma'aunin zafin nama da ake sokawa a tsakiya ya fi dogaro da ido, domin hasken garwashi da dare yana ruɗarwa. Rabon yara da masu juna biyu da tsofaffi kuwa a mayar da shi gefen wuta har jan ya ɓace gaba ɗaya, a ƙara musu haɗin ganyen don ya rage bushewar. Shi ma ganyen, tunda ɗanye za a ci, a wanke shi da ruwa mai tsabta sosai, kuma kada a yanka shi a kan katakon da aka gyara naman.