Zazzaɓi da ruɗewa bayan dashen ƙoda: abin da aka tattauna

Jama'a, maganar abin da za a yi in ana zargin ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwar mai dashen ƙoda ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kowa ya yarda: mai dashen ƙoda da zazzaɓi ya kama, ga ciwon kai, sambatu ko farfaɗiya, asibiti a ranar. Kada a tsaya kemis ana cewa maleriya ce. Tacrolimus da prednisolone, magungunan da ake ba mai dashe, na danne garkuwar jiki, har zazzaɓin ma yakan ɓuya.

2. Gwaji: ruwan ƙashin baya da hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Wasu na tsoron allurar bayan, ma'aikatan lafiyar cikinmu suka ce da ita ake gane ƙwayar.

3. In ana zargin ƙwayar cutar herpes, ana fara maganin acyclovir ta jijiya tun kafin sakamako, kwana 14 zuwa 21, da isasshen ruwa, don yana iya taɓa ƙodar. In wata ƙwayar ce da ake kira CMV kuwa, maganinta ganciclovir.

4. Rage maganin dashe aikin likita ne. Jiƙo, a'a.

An rabu kan inda za a nufa. Wasu sun ce FMC Gusau (asibitin tarayya da ke Gusau) tukuna, a kira likitan dashen ta waya. Wasu sun ce Asibitin Aminu Kano kai tsaye. Ni dai na fi karkata ga Gusau, hanyar Kano da nisa ga mai farfaɗiya.

Ruƙiyya ma an ja. Mafi yawa sun ce a yi ta a bakin gadon asibiti.