Gyaran ɗaki da hannunki: rangwame ne ko asara?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Zan faɗi wata magana, wanda bai yarda ba ya fito mu yi ta. A wannan tsadar, kiran mai fenti saboda ɗaki ɗaya ɓarnar kuɗi ce. Ɗaki mai ƙafa sha biyu sha biyu, in an cire ƙofa da taga, bangonsa bai wuce murabba'in mita 40 ba. Fentin ruwa mai kyau, lita ɗaya tana cin kusan murabba'in mita 10. Shafi biyu ke nan lita 8 zuwa 10, rabin babban bokiti mai lita 20. Sai rola, burushi, sanfefa da tsohuwar leda da za ki shimfiɗa a ƙasa, duk akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Kuɗin aikin da za ki ba wani ya ishe ki labule a Kantin Kwari. Nawa ɗakin ni na yi shi, duk wadda ta shigo sai ta tambayi wanda ya yi mini.

Mai Fenti: Wa alaikumus salam Hajiya. Lissafinki ya fita, amma na bango mai santsi ne wanda ya taɓa shan fenti. Sabuwar filasta tsotse fenti take yi, lita goman nan ba za ta kai ki ko'ina ba. Kuma jan rola shi ne ƙaramin aiki a sana'armu. Inda wahalar take shi ne kankare tsohon fentin da ya kumbura, cike tsaga, a bari ta bushe, a goge, a share ƙurar. Wanda ya tsallake wannan, ko fentin da ya fi kowane tsada ya saya, zai ga bangon yana ɓarewa kafin shekara ta zagayo. Mu ake kira mu gyara, kuɗin ya zama biyu.

Maman 'Yan Biyu: Malam, kankara da goga ai ba karatun likita ba ne. Macen da ke surfe da daka ba za ta kasa riƙe sanfefa ba.

Hajiya Babba: 'Yar nan ta yi gaskiya. Mu da muka tashi a cikin gari, daɓe aikin mata ne. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a taru da madaɓai ana bugawa ana waƙa har ƙasa ta yi sheƙi. Makubar nan kuwa ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa. In salla ta matso kowace mace ta kwaɓa farar ƙasa ta shafe ɗakinta, ta sake jere. Ba a kiran kowa. Magina suna da nasu, su ke hawa soro su yi yaɓe, su gyara indararo kafin damina. Amma cikin ɗaki na mai ɗaki ne. Yaushe aka mayar da mata ba sa iya komai sai buga waya a kira lebura?

Baba Magini: Ranki ya daɗe Hajiya, kin raba aikin daidai, kuma a nan nake so in tsaya. Abin da ke cin kuɗin mutane a gidajen bulo danshi ne, kuma fenti ba ya maganinsa. Ku duba gindin bangonku, daga ƙasa zuwa gwiwa ko ƙugu. In kun ga fenti ya yi ƙuraje, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, filastar tana marmashewa in an danna da yatsa, to ruwa ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulon. Yawanci an yi ginin ba a shimfiɗa ledar tare danshi a kan fandisho ba, ko kuma kwata tana kwance a bayan ɗakin, ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu. Irin wannan bangon sai an fara kau da ruwan. A gyara kwatar, a yi ɗan dakali a waje ya riƙa tura ruwan sama nesa da gini, a sassaƙe ruɓaɓɓiyar filasta, a sake ta da siminti mai haɗin maganin ruwa. Sannan a ba ta kamar mako huɗu ta bushe kafin fenti ya taɓa ta. Na san tun da buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024 kowa ke gudun jin wannan magana, amma ita ce gaskiyar.

Auta: Baba, to ai shi ya sa muke manna takardar bango. Ta rufe komai, ga ado, wata ma da gam ɗinta take zuwa, ɓarewa kawai za ki yi ki liƙa.

Baba Magini: 'Yata, ita ce ta fi muni a kan bango mai danshi. Tana hana shi numfashi. Zuwa watan Agusta in kika ɗaga gefenta za ki tarar bayanta ya yi baƙi ƙirin, ɗakin yana warin ruma, kayan cikin sif ma sun ɗauka. A busasshen bango mai santsi ba ni da ja.

Malamar Asibiti: Ku ba ni dama in sa baki, don yara nake ji wa. Tsohon fentin mai, irin na ƙofofi da tagogi da gadon ƙarfe, wani yana ɗauke da dalma. In aka goge shi a bushe, ƙurar tana sauka a ƙasa, mai rarrafe ya dafa ya kai hannu baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ba a gane wa da wuri. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce. Don Allah in za a goge, a jiƙa wurin, a fitar da yara da masu ciki, a rufe hanci, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Haka tsohon silin na asbestos, kada a fasa shi ko a huda shi da sunan za a sa fanka ko a canja zuwa na roba. Ƙurarsa tana lalata huhu bayan shekaru.

Maman 'Yan Biyu: Anti, Allah Ya saka da alheri, wannan kowa ya ji. Amma duk abin da aka faɗa bai ture maganata ba. Ban ce mace ta taɓa wayar lantarki ko ta sassaƙe bango ba. Na ce ɗaki lafiyayye wanda ya dushe kawai, ki yi abinki. Su masu fentin nawa ne suke gaya wa mai gida cewa bangonsa na da danshi? Shafawa suke yi su karɓi kuɗinsu, damina ta zo ta tona.

Mai Fenti: Akwai masu yin haka Hajiya, ban musa ba, kuma suna ɓata mana suna. Amma sau da yawa mun faɗa, mai gida ya ce biki saura kwana kaɗan, a rufe kawai. Tunda kin dage, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Yanki farar leda kamar faɗin faranti, ki manna a gindin bango, ki liƙe gefunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana biyu. In kin ɓare kin ga raɓa ta ɓangaren bangon, a nemi magini. In a bushe take, ɗauki rolarki. Ki fara da silin, ki bi kusurwa da burushi, kada ki tsinka fentin da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokitin, kuma ki bar shafin farko ya bushe sosai.

Ɗan Haya: Duk kun yi magana kamar kowa a gidansa yake. Ni bangona yana da wannan farin garin da Baba ya kwatanta. Na kai wa mai gida maganar, ya ce in gyara da kuɗina. Maƙwabcina ya gyara nasa, shekara na cika aka ƙara masa haya wai ɗakin ya yi kyau. To wa zai sayi simintin?

Baba Magini: Ɗana, gyaran gini na mai gini ne. In ya ƙi, ku zauna gaban dillalin da ya haɗa ku ko mai unguwa, a rubuta cewa abin da ka kashe za a cire a kuɗin haya, kowa ya sa hannu kafin ka sayi ko buhu ɗaya. Kuma ka bari ruwa ya ɗauke tukuna, filastar da aka yi a tsakiyar damina ba ta samun bushewa.

Ɗan Haya: Baba, in ya ƙi sa hannun fa?